Albashin koyarwa ba ya kai ni rabin wata, wane aiki ɗalibi zai kama?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda ya san kan abin ya daure ya sa baki.

Ɗalibi ne ni, ina aji biyu a BUK, lissafi nake karanta. A Kurna nake zaune gaban iyayena, karatunmu kuma a sabuwar jami'a ne can hanyar Gwarzo. Tun kafin in samu gurbin karatu nake koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina ɗaukar 'yan JSS da 'yan SS1 lissafi, kwana huɗu a mako, daga bakwai da rabi zuwa ɗaya da rabi. Albashina naira 20,000, shi ma sai sabon wata ya raba ake biya, wani lokacin a kasa shi biyu. Mahaifinmu ya yi ritaya, ga ƙanne a bayana, don haka kuɗin rajista da na handawut da na mota duk a wuyana suke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita yake hawa, albashin kuwa yana nan inda na same shi.

Abin da ya fi damuna, lakcocin safe da yawa suna wuce ni, sai dai in ari littafin aboki in kwafa da daddare. Ina neman aikin da ya fi wannan tsoka wanda kuma ba zai kashe min karatu ba. Ba ni da jari, ba ni da laftof, waya ce kawai a hannuna. Na ɗan iya Excel. Me kuke gani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya kawo mafita. Yaron da yake ɗauke wa iyayensa nauyi ba ya taɓewa.

Auta:
Ka nemi inda za ka zauna wa wani a POS mana. Yanzu kowace kwana akwai.

Ɗan Kwari:
Auta, wanda yake zauna wa wani a POS daga safe ne har isha'i, kuma idan lissafi ya yi giɓi daga albashinsa ake cira. Wannan yana gudun aikin awa shida, za ka kai shi na awa goma sha biyu.

Malamin Lissafi:
Ƙanena, kafin mu je ko'ina, nawa kake kashewa a mota ranar da ka je koyarwar? Ban da na zuwa jami'a.

Ɗan Kurna:
Kamar 500 ne Malam, zuwa da dawowa bakin titi inda nake hawa ta jami'a.

Malamin Lissafi:
To zo mu yi abin da muka iya ni da kai. Awa shida sau kwana huɗu, awa 24 ke nan a mako, 96 a wata. Kuɗin mota 500 sau kwana 16, naira 8,000. Cire su daga 20,000, saura 12,000. Raba 12,000 da 96. Naira 125 ake biyanka a kan kowace awa da ka tsaya gaban allo, ban da makin da kake yi a gida da rubuta darasi. Kuma awannin da kake sayarwa a haka su ne mafi tsada a rayuwarka yanzu, domin su ne na lakca.

Na fara da wannan ne saboda yawancin ɗalibanmu albashin wata suke kallo. Mai cikakken lokaci shi ne yake kallon wata. Kai da lokacinka yake a gutsure, awa za ka riƙa kallo, da kuma wace awa ce a cikin yini.

Abin da kake da shi a hannu yana da kasuwa. Babu yaron da zai shiga jami'a ya karanta kimiyya ko injiniyanci ko akanta ba tare da kiredit a lissafi ba, kuma iyaye sun san da haka, musamman idan yaro ya shiga SS3 hankalinsu ya tashi. Ni da lesin na yi digirina. Ka samu yara uku a unguwa ɗaya, ka haɗa su a zaure ɗaya ko garejin gidan ɗayansu, yamma uku a mako, awa ɗaya da rabi bayan la'asar. A yanzu waɗanda nake turawa suna karɓar 10,000 a kan kowane yaro a unguwanni masu matsakaicin hali, a wasu unguwannin kuma ya fi haka nesa. Yara uku 30,000 ke nan a awa 18. Ka raba da kanka, za ka ga awa ta haura 1,600, kuma safiyarka ta dawo hannunka.

Amma akwai ƙa'idojin da idan ka sake su za ka sha wuya. Ka yi ciniki a kan kowane yaro, kada ka yarda da "ka koya wa yaran gidan", domin za ka tarar da ƙanne da 'ya'yan maƙwabta sun cika tabarma a kuɗin mutum ɗaya. Ka karɓi rabin kuɗi a farkon wata. Ka yi maganar kuɗi da wanda zai biya, uba ne ko uwa, tun ranar farko, kada kunya ta hana ka. Ranar farko kuma ka ba yaro gwaji daga tsofaffin tambayoyin WAEC, ka ajiye takardar, bayan wata guda ka sake ba shi irinsa ka kai wa mahaifinsa takardun biyu ya gani da idonsa. Waɗannan takardu biyu su ne za su kawo maka yaro na huɗu da na biyar ba tare da ka roƙi kowa ba.

Sannan ka sani sana'ar tana da kaka. Daga lokacin da aka fara rajistar JAMB a farkon shekara, har a yi WAEC a Mayu da Yuni, a bi da NECO, wayarka ba za ta huta ba. Daga Agusta sai ka ji shiru. Saboda haka kada ka tara 'yan SS3 zalla, ka sa 'yan SS1 da SS2 a ciki waɗanda za su zauna da kai shekara da shekaru.

Ɗan Kurna:
Wallahi Malam ban taɓa raba shi da awa ba. Jikina ya yi sanyi da na ga 125 ɗin nan. Akwai iyayen yaran ajina guda biyu da suka taɓa yi min maganar lesin, na ce musu sai na yi shawara.

Baban Walid:
A nan zan shigo. Ni mai makaranta ne, ƙarama ce, malamaina ba su kai ashirin ba. Ɗana, waɗannan iyaye biyu da ka ambata, kada ka karɓe su a bayan idon mai makarantarku. Ta dalilinsa ka san su. Idan ya ji a bakin wani, zai ɗauka kana rage ƙoƙari a aji don yara su biyo ka gida, ko da ba haka ba ne, kuma masu makarantu a unguwa ɗaya duk sun san juna. Ka je ka same shi ka gaya masa da bakinka. Da yawanmu ba za mu hana ba.

Kuma ina so masu karanta wannan su san cewa ba duk mai makaranta ne azzalumi ba. Iyaye ba sa biyan kuɗin zango a kan lokaci, wani sai an zo jarrabawa zai kawo rabi. Ga haya, ga haraji, ga alli da takarda. Idan ka ƙara kuɗin makaranta kaɗan, a zango mai zuwa ka nemi yara goma ka rasa.

'Yar Gwale:
Baba, da girmanka, amma ba zan iya yin shiru ba. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 tun Yulin 2024, Kano ma ta ce 71,000. Ta yaya mutum zai tsaya gaban yara awa shida a ba shi 20,000, ita ma sai ya bi ta da roƙo? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ni ma na yi irin wannan koyarwar, na san yadda mutum yake ji ranar da wata ya ƙare ya shiga ofis a ce masa ya ƙara haƙuri, alhali ko kuɗin komawa gida ba shi da shi.

Baban Walid:
'Yata, maganar jinkirta albashi kin yi gaskiya, ba ni da abin cewa. Wanda duk yake da kuɗin a hannu ya riƙe haƙƙin malami, Allah zai tambaye shi. Maganar 70,000 kuwa, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ta hau kan mai aikin wucin gadi da ba cikakken lokaci yake yi ba. Ba don in kare kaina na faɗa ba. Na faɗa ne don kada yaron nan ya je ofis yana ambaton doka, ya ɓata da mutumin da gobe zai iya neman takardar shaida a wurinsa.

'Yar Gwale:
To idan doka ba ta kama ku ba, tausayi fa? Ni dai abin da nake gani, makarantun nan a kan bayan ɗalibai da masu NCE marasa aiki suke tsaye, don an san ba su da zaɓi.

Baban Walid:
Akwai masu yin haka, ban musa ba. Shi ya sa ban ce masa ya zauna ba. Cewa na yi ya fita ta ƙofa. Ya ƙarasa zangon nan, ya haɗa wa yara sakamakonsu, ya ba da sanarwar wata guda a rubuce, ya nemi a rubuta masa takarda cewa ya koyar da lissafi a wurin daga shekara kaza zuwa kaza. Ranar da ya gama digiri aka ce ana neman mai gogewar aiki, wannan takardar za ta yi masa rana.

Ɗan Kwari:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, a kasuwa na tashi, bari in faɗi nawa. Masu cewa ɗalibi ya zo ya zama yaron shago ba su san kasuwa ba. Yaron shago na ubangidansa ne daga buɗewa har rufewa, kuma ribar abin tana can gaba, ranar da aka sallame shi da jari bayan shekaru. Ba ya haɗuwa da lakca.

Amma ka ce ka iya Excel, a nan kunnena ya tashi. Ka shiga Kwari ko Singa ko Ƙofar Ruwa, za ka samu mutum yana juya miliyoyi, lissafinsa duk a littafi mai bangon kwali yake, wani ma a ka. Bashin da yake bin 'yan sari na Gaya da Haɗeja da Maraɗi, wanda ya biya ta tiransifa, wanda ya kawo rabi, dilar da ta shigo, wadda ta fita, duk a cakuɗe. Ƙarshen shekara lokacin fitar da zakka sai a kwana ana lissafi ana musu da yara. Idan ka samu mutum ɗaya ya yarda da kai, ka riƙa zuwa ranar Asabar kana shigar masa da cinikin mako, kana fitar masa da sunayen waɗanda yake bi da adadin kayan da suka rage, abin da zai ba ka a wata zai fi albashin nan naka. Kuma idan ya ji daɗi shi zai kai ka wurin maƙwabcinsa.

Sai dai ba a shiga wannan da takardar neman aiki. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo littafinsa. Sai wani da ya sani ya kawo ka ya ce ɗana ne, na tsaya masa. Ka duba cikin abokan mahaifinka da mutanen masallacinku. Kuma abin da ka gani a littafin mutum, ko matarka ta gaba kada ta ji.

Ɗan Kurna:
Yaya, akwai aminin babanmu a Singa, kayan masarufi yake sayarwa. Amma da waya zan yi? Ba ni da kwamfuta.

Ɗan Samaru:
Google Sheets, wanda kamar Excel yake, yana aiki a waya, kuma ya wadatar da shago ɗaya. Ka fara da shi, kuɗin watannin farko ka tara ka sayi laftof na hannu.

Tun da an zo nan, bari in yi maganar aikin intanet, domin na san wani zai kawo ta. Ni a ABU nake, aji huɗu, kuma ina samun ɗan abin da nake samu ta nazarin alƙaluma. Gaskiyar magana, wanda yake neman kuɗin motar gobe ba nan zai fara ba. Sai ka yi watanni kana koyo kana ƙona data babu ko sisi. Akwai shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa da aka fara a 2023, kyauta ake koyarwa, kuma akwai nazarin alƙaluma a ciki, wanda ɗan lissafi zai ji daɗinsa fiye da kowa. Idan an buɗe ka cika. Amma ka ɗauke shi a matsayin shukar da za ka girba a aji huɗu ko lokacin bautar ƙasa. Su Upwork da Fiverr kuma, shafukan neman aiki a intanet, cike suke da mutanen Indiya da Pakistan da suka riga mu shekaru, sabon shiga yana daɗewa kafin ya samu aikin farko. Inda muke da ɗan fifiko shi ne Hausa: fassara, da mayar da magana rubutu, da duba fassarar da na'ura ta yi. Shi ma sai wanda ya iya ƙa'idar rubutu sosai, ya san inda ake raba kalma da inda ake sa ƙugiya, kuma aikin yana zuwa ne yana ɗaukewa.

Shugaban Zaure:
Na goge saƙon wani da ya shigo yanzu yana cewa a sa 10,000 a karɓi 30,000 cikin mako, na kuma fitar da shi. Jama'a, mun ga MMM a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a watan Afrilun 2025, kuma duk lokacin ɗalibai na cikin waɗanda suka fi kuka, har da masu sa kuɗin rajistarsu. Ƙanena mai tambaya, ka riƙe abu biyu. Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka, ka bar shi. Duk wanda kuma ya ce ka ara masa asusunka na banki a turo kuɗi ya ba ka kaso, ka guje shi ko abokinka ne, domin ranar da EFCC ta bi sawun kuɗin, sunanka da BVN ɗinka za ta gani.

Injiniyan Sola:
Salam. Lesin yana da kyau, ban raina ba, amma lesin ba ya girma. Yau yara uku, gobe shida, daga nan awanninka sun ƙare. Ni ina ganin saurayi kamar wannan ya kamata ya haɗa da sana'ar hannu, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, sannan Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a Oktoban shekarar da layin wuta ya lalace, aikin sola bai tsaya ba. Gidaje, shagunan caji, masu firji, rijiyoyin burtsatse, asibitoci. Masu hawa rufi su ɗaura faranti suna da yawa. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu iya lissafin kaya. Misali, fanka mai cin wat 75 idan za ta yi awa takwas, wat-awa 600 take so. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, amma idan na ruwa ne rabin kawai ake so ka ja, wato 1,200, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan fanka biyu sun cinye shi a dare ɗaya, ba a kunna talabijin ba. Yaran da ba su san wannan ba su ne suke haɗa wa mutum kaya, bayan wata shida batir ya mutu, a ce sola ƙarya ce. Kai wannan lissafin a minti biyar za ka gane shi.

Ba zan ɓoye maka ba, watannin farko kuɗin abinci da na mota kawai za ka samu, kana ɗaukar tsani kana miƙa sukundireba. Kuma aiki ne na rana, da zafin kwano. Lokacin hutun zango ya dace da shi, da ranakun Asabar da Lahadi.

Malamin Lissafi:
Injiniya, ka ce lesin ba ya girma, a nan ban bi ka ba. Wanda ya fara da yara uku a gareji yana iya kama aji biyu haya a makarantar Islamiyya da yamma, ya ɗauko abokansa masu Fiziks da Kemistiri da Turanci, ya zama cibiyar shirya yara JAMB. Na ga waɗanda suka yi. Amma na yarda da kai cewa hutu bai kamata ya tafi a banza ba.

Injiniyan Sola:
Na karɓa Malam. To ya yi lesin da zango, ya zo mana da hutu.

Malama Ummu Hanif:
Na karanta duka, kuma kowa ya kawo abu mai amfani, amma ina jin tsoron a cika wa yaron nan kai. Lesin, da littafin ɗan kasuwa, da sola, da 3MTT. Yaushe zai yi karatun?

Ina koyarwa a jami'a, kuma duk shekara ina ganin irinsa. Yaro mai ƙwaƙwalwa, ya fara aji ɗaya da maki mai kyau, a aji biyu ya kama nema, sai ka daina ganinsa a lakcar ƙarfe takwas. A yi tes ba ya nan. Ƙa'idar yawancin jami'o'inmu sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin ka zauna jarrabawa, kuma ko malami bai tsaurara ba, lissafin aji biyu da na uku ba a koyonsa daga littafin aboki. Kwas ɗaya da ka faɗi zai biyo ka shekara mai zuwa ya yi karo da wani. Makin da ya zube a aji biyu kuwa da wuya ya tashi. Wanda ya fita da 3.50 zuwa sama yana da babbar daraja ta biyu, kuma ita ce bankuna da kamfanoni da masu ba da tallafin karatun digiri na biyu suka fi tambaya. Bambancin 3.4 da 3.6 zai iya fin duk kuɗin lesin da za ka tara a shekara huɗu.

Saboda haka ɗana, abu ɗaya za ka ɗauka yanzu, na biyu sai ka ga yadda na farkon ya zauna da jadawalinka. Kuma ban ji wanda ya ambaci NELFUND ba, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu. Ka cika? Suna biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, sannan suna ba ɗalibi 20,000 duk wata na ɗawainiya. Daidai da albashin da kake yini a tsaye dominsa.

Ɗan Kurna:
Ban cika ba Malama. Babanmu ne ya ce ba ya son in fara rayuwa da bashi a kaina, kuma yana tsoron akwai riba a ciki.

Malama Ummu Hanif:
Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Biyan yana farawa ne shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashinka. Ka zauna da Baba ka yi masa bayani a tsanake, in da hali ka tafi da wani malami da yake jin maganarsa. Idan ya ce a'a bayan ya fahimta, ka bi maganarsa.

Maman Ilham:
Ni dai ina bayan mahaifinsa. Bashi bashi ne ko babu riba, kuma ba ka san halin da za ka samu kanka ba bayan gama makaranta. Idan lesin zai riƙe shi, ya bar bashin.

'Yar Gwale:
Mama, ai akwai tsaka-tsaki. Yana iya neman na rajista kawai ya bar na wata-wata. Rajistar ce take zuwa a dunƙule ta karya mutum.

Ƙanwar Maza:
Don Allah ku ba ni dama in rataya a nan. Ni ma ɗaliba ce, aji biyu a makarantar da aka fi sani da FCE Kano, Bayoloji da Kemistiri. Duk abin da aka lissafa na maza ne. Ba za a bar ni in riƙa shiga gidajen mutane da yamma ba, balle kasuwa ko hawa rufi.

Malama Ummu Hanif:
'Yata, ke ce ma kike da kasuwar da maza ba su da ita. Iyaye da yawa suna son a yi wa 'yan matansu lesin, amma ba za su kawo saurayi cikin gida ba, kuma malamai mata na kimiyya sun yi ƙaranci. Ba sai kin je ko'ina ba. Ki nemi izinin gida ki shimfiɗa tabarma a tsakar gidanku, 'yan matan unguwa masu shirin WAEC da masu son shiga makarantar koyon jinya su zo su same ki. Ki fara sanar da matan Islamiyyar mahaifiyarki, cikin mako guda labari zai zaga unguwa.

Maman Ilham:
Wallahi ni kaina ina neman irinki wa Ilham. Ki yi min magana ta gefe, in unguwarmu ba ta yi nisa ba.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar, ku gyara min in da kuskure. Zan ƙarasa zangon nan kamar yadda Baban Walid ya ce, saura 'yan makonni a yi jarrabawa. Gobe zan samu mai makarantar in gaya masa ba zan dawo zango mai zuwa ba, in kuma nemi izininsa a kan iyayen nan biyu. Lesin zan kama shi kaɗai tukuna. Maganar Singa zan bari sai na ga jadawalin sabon zango, ita kuma NELFUND zan sake tayar wa Baba da ita, ta rajista kawai. Abin da ya rage min, Malam, idan mai makarantar ya ce bai yarda da yaran nan biyu ba, ta ina zan samo na farko? Kuma a Kurna anya za a biya 10,000?

Malamin Lissafi:
Idan ya hana, ka bar su da zuciya ɗaya. Ka je wurin limamin masallacinku da shugaban Islamiyyar unguwa ka gaya musu abin da kake yi, su suka san gidan da yake da ɗan SS3. Ka gaya wa abokan karatunka su ma, da yawansu suna da ƙanne. Idan 10,000 ta yi wa mutanen unguwarku nauyi, ka sauko zuwa 6,000 ka ɗauki yara biyar a zama ɗaya, kuɗin ɗaya ne, kuma ba ka hau mota ba. Kada dai ka wuce shida, daga nan ya koma aji, iyaye kuma ba aji suke biya ba. Sannan ka duba unguwannin da suke kan hanyarka ta dawowa daga jami'a, Rijiyar Zaki da Kabuga da Tal'udu, ka sauka ka yi awa ɗaya da rabi ka wuce gida. Ina da tsofaffin tambayoyin WAEC da na JAMB da na tsara bisa darasi-darasi, ka turo min saƙo in aiko maka.

Baban Walid:
Idan za ka shiga wurinsa, kada ka fara da maganar albashin da kake bi. Ka fara da godiya, ka ce karatu ne ya matsa. Bayan kun fahimci juna sai ka tambaye shi ranar da za a cika maka ragowar haƙƙinka, kuma ka nemi ya ambaci rana.

Injiniyan Sola:
In kun gama jarrabawar zango ka neme ni. Muna da aikin burtsatse a wajen gari cikin hutun. Ka zo da takalmi rufaffe da hula, ƙarfe bakwai muke tashi.